Gani da Ƙidaya: Shakka da Amincewa Game da Maganin Ciwon Daji



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasar Hausa, ana jin ta a ƙauye da birni, watau wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, ba ya kuma son allura. Nufinta shi ne, duk wanda daji ya kama, in ya yarda likita ya sa masa wuƙa ko ya tsira masa allura, to ya tsokano ciwon, sai ya bazu a jiki ya kashe shi. 'Yan boko sun saba yi wa wannan magana dariya, su ce jahilci ne. Amma wanda ya tsaya ya bincika zai tarar ba daga sama ta faɗo ba. Mutane sun ga an kai wance asibiti da ƙari a nono, an yanke, bayan wata shida an yi jana'izarta. Sun ga haka sau ɗaya, sun gani sau goma. Wanda ya ce musu su ƙaryata idonsu ya ɗauko babban aiki, tun da Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa gani ya kori ji.

Abin da wannan lacca za ta bincika shi ne ko ido amintaccen mashaidi ne a shari'ar ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara. In kuwa ba haka ba ne, wace shaida ce ta isa mai hankali ya dogara da ita, ko dai ya amince wa likita ko ya yi shakkarsa?

Ya kamata a fara da cututtukan da ido ya wadatar a kansu. Dattawan da ke wannan zaure sun san agana. Sun san yadda take shiga gari da rani ta kwashe yara, ta makantar da wasu, ta bar wa sauran zane a fuska har abada. A 1967 aka ƙaddamar da gangamin yin lamba a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A gabashin Nijeriya ne wani likita Ba'amurke, William Foege, da allura ta yi masa ƙaranci, ya gwada dabarar neman gidan da cutar ta ɓulla a yi wa mutanen da ke kewaye da shi lamba, maimakon a bi kowa da kowa. Dabarar ta ci, duniya ta ɗauka. A 1970 aka ga mutum na ƙarshe mai agana a Nijeriya, a 1977 aka ga na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a a Somaliya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar an kawar da ita daga doron ƙasa. Haka kurkunu. A 1988 an ƙidaya masu fama da shi wajen 650,000 a Nijeriya, galibinsu manoma da ciwon kan kwantar da su daidai lokacin shuka. Da tace ruwa, da haƙa rijiyoyi, da yawon da Janar Yakubu Gowon ya yi ƙauye ƙauye tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, sai ga shi a 2013 an tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Babu mai bukatar lissafi kafin ya yarda da wannan. Wanda ya taso cikin masu zanen agana, yau kuma ya duba jikokinsa bai ga ko ɗaya da shi ba, ya sami hujjarsa.

Ciwon daji ba ya ba da irin wannan hujja, kuma dalilin yana cikin halittarsa. Agana baƙuwa ce, ƙwayar cuta guda da ke shigowa daga waje, allura guda ta tare mata hanya. Sankara kuwa 'yar gida ce. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ke rabuwa su hayayyafa bisa ƙa'ida, su kuma mutu idan wa'adinsu ya yi. Idan umurnin da ke rubuce cikin ƙwaya ya sami tangarɗa, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta tara ƙari, daga baya 'ya'yanta su bi jini su yi sansani a hanta ko huhu ko ƙashi. Da yake kowace gaɓa tana da irin nata ƙwayoyin, kuma tangarɗar iri iri ce, sunan guda ya rufe cututtuka fiye da 100, waɗanda halinsu ya sha bamban kamar yadda mura ta bambanta da tarin fuka. Saboda haka tambayar da aka saba yi, wai ko an sami maganin daji, ba ta da amsa guda. Dole sai an ce wane daji, a wace gaɓa, kuma yaushe aka gano shi.

Shugabannin Amurka da kansu sun faɗa wannan rami. A 1969 ƙasar ta sauke mutum a kan wata, sai masu faɗa a ji suka ce wanda ya iya wannan ba zai kasa ciwon daji ba. A watan Disamba na 1971 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da aka yi wa laƙabi da yaƙi da sankara, aka ware fiye da dala biliyan ɗaya da rabi don shekaru uku na farko. Har akwai masu fatan a gama da ciwon kafin 1976, lokacin bikin cikar ƙasar shekara 200. Shekarar ta zo ta wuce. A 1986 wani likita masanin ƙididdiga, John Bailar, da abokiyar aikinsa Elaine Smith, suka buga wani bincike da ya girgiza likitoci. Sun ajiye labaran nasara da jaridu ke bugawa, suka ɗauki abu guda da ba a iya yi masa kwalliya, watau yawan waɗanda sankara ke kashewa cikin kowane mutum 100,000, bayan an daidaita lissafin da shekarun jama'a. Suka tarar daga 1950 zuwa 1982 adadin ya ƙaru ne. Hukuncinsu shi ne ana shan kashi a yaƙin. An yi musu ca, amma ba wanda ya iya rushe lissafin.

A lura da wanda ya yi wannan shakka. Bailar ɗan gida ne, ya yi shekaru yana aiki a cibiyar binciken sankara ta gwamnatin Amurka. Kuma ma'aunin da ya yi amfani da shi ya tozarta likitoci shi ne dai ya wanke su daga baya. A 1991 adadin ya kai ƙololuwa, kimanin mutum 215 cikin 100,000. Daga nan ya fara sauka, shekara bayan shekara, har ya zuwa 2020 ya koma ƙasa da 150. An sami ragin wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan a shekara 30. Wanda ya yarda da lissafin a 1986 ba shi da ikon ƙin sa a 2020.

Sai dai kuma in an tona abin da ya kawo saukin, za a ga babban kaso ba daga ɗakin tiyata ya fito ba. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila suka nuna alaƙar taba sigari da sankarar huhu. Kamfanonin taba suka yi shekaru suna zuba kuɗi don shuka kokwanto a zukatan mutane, abin da ke nuna cewa shakka ma haja ce da ake iya saye a sayar. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fito da rahoton da ya tabbatar da illar, mutane suka fara barin taba, amma sai bayan kusan shekara 30 amfanin ya bayyana a makabarta. Sauran saukin ya zo ne daga gano ciwo da wuri da kuma magani, kuma a nan ci gaban ba bai ɗaya ba ne ko kaɗan. Sankarar jini da ta fi kama yara hukuncin kisa ce a 1947, lokacin da Sidney Farber ya fara gwada magani a kanta a birnin Boston. Yau a ƙasashe masu arziki wajen yara 9 cikin 10 suna rayuwa. Sankarar maraina, wadda ke kama samari, ta zama abin warkarwa tun da aka shigo da maganin cisplatin a shekarun 1970, ko da ta riga ta bazu. A 2001 aka fito da wata ƙwaya mai suna imatinib, wadda ta mai da wani nau'in sankarar jini na manya ya zama ciwon da ake zama da shi shekara da shekaru, kamar hawan jini. Amma sankarar fankiriyas, watau tsokar da ke bayan tumbi mai daidaita sukari a jini, har yanzu waɗanda ke kai shekara 5 bayan an gano ta ba su wuce kashi 13 cikin 100 ba, ko a Amurka. Wasu sankarorin ƙwaƙwalwa ma haka suke. Likitan da ya ce an ci nasara ya faɗi gaskiya, dangin mamaci da suka ce ba a ci ba su ma sun faɗi gaskiya, domin ba ciwo ɗaya suke magana a kai ba.

Jama'a masu sauraro, akwai wata dabara ta lissafi da ya wajaba ɗalibi ya sani, don kada a ruɗe shi da alƙaluma. A ɗauka wani mutum ne da sankara za ta kashe yana da shekara 70, ko an yi magani ko ba a yi ba. In an gano ciwon yana da 67, sai a rubuta ya rayu shekara 3. In wata sabuwar na'ura ta gano shi yana da 60, sai a rubuta ya rayu shekara 10, a yi ta murna an tsawaita rai. Alhali ko kwana ɗaya ba a ƙara masa ba, illa dai an ƙara masa shekara 7 na zullumi. Ƙasar Koriya ta Kudu ta ga irin wannan a fili. Daga ƙarshen shekarun 1990 asibitocinta suka shiga duba wuyan mutane masu lafiya da na'urar hoton cikin jiki, suna neman sankarar tsokar nan ta wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Zuwa 2011 yawan waɗanda aka ce suna da ciwon ya ninka na 1993 sau 15. Aka yi wa dubun dubatar mutane tiyata, da yawansu suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa, wasu muryarsu ta taɓu. Yawan masu mutuwa da ciwon kuwa bai motsa ba. Abin da aka yi ta yankewa ƙananan ƙari ne da yawancinsu da an bar su mutum zai tsufa ya mutu bai san da su ba. Likitocin Koriya ne da kansu suka tona wannan a 2014.

Tarihin sankarar nono ma yana da irin wannan tabo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani shahararren likitan fiɗa na Amurka, William Halsted, ya koyar da cewa a cire nono duka, da naman ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata, bisa tunanin cewa yawan yanka shi ne yawan tsira. Kusan shekara 80 ana bin wannan, don girman malamin. Sai Bernard Fisher ya ce a gwada. Hanyar gwajin ita ce wadda aka fara kafawa a Ingila a 1948 kan maganin tarin fuka: a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya sa a ɓangaren da yake so, sa'an nan a ba kowane gida magani daban, a jira, a ƙirga. Sakamakon da aka buga a 1985 ya nuna cewa ga matan da ciwonsu bai yi nisa ba, cire ƙarin kaɗai tare da gashi da na'ura yana ba da tsawon rai daidai da cire nono. A shekarun 1990 kuma aka yi yayin ba mata magani mai tsananin ƙarfi tare da dashen ɓargo. Dubban mata a Amurka suka sha wannan azaba, wasu maganin ne ma ya kashe su. Hujja mafi ƙarfi da ake kafawa ta fito ne daga wani likita a Johannesburg, Werner Bezwoda. Da aka aika masu bincike suka duba takardunsa a 2000, sai aka tarar ƙarya ya shirya. Duka waɗannan kurakurai shakka ce ta gyara su, amma irin shakkar da ke cewa a kawo littafi a ƙirga.

Afirka tana da nata babin a wannan tarihi, kuma babi ne na alfahari. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala ta Uganda, ya ba da bayanin wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya ninka girmansa cikin 'yan kwanaki, ya kashe su cikin 'yan watanni. Ya bi asibitocin nahiyar da wasiƙu da mota, ya zana taswirar inda ciwon yake, sai ta faɗo daidai kan wuraren zafi da damshi inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Daga naman da ya aika London ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano, a 1964, ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Abin mamaki kuma, da aka gwada magunguna a kan yaran a Kampala da Nairobi da Ibadan, sai ƙarin ya riƙa narkewa, wani lokaci bayan allura ɗaya ko biyu. Ga daji, ga allura, ga yaro ya tashi ya koma wasa. Cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda wannan aiki akwai Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, farfesan tiyata a Ibadan. Shi wannan malami a ƙarshen rayuwarsa ya yi shelar wani maganin ƙanjamau da ba a taɓa tabbatar da shi ta hanyar gwaji ba. Sunansa bai isa ya maye gurbin ƙidaya ba, kamar yadda na Halsted bai isa ba.

To, in haka ne, me ya sa amincewa ta yi wuya a wannan yanki? Wani ɓangare na amsar yana birnin Kano. A 1996 annobar sanƙarau, ciwon nan mai sandare wuya wanda ba shi da alaƙa da sankara sai kamar suna, ta kashe mutum fiye da 10,000 a arewacin Nijeriya. Ana tsakiyar wannan ne kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara wajen 200: rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma yawan mutuwar bai kai na sauran masu cutar ba. Iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, kuma takardar izinin da aka nuna daga baya an zarge ta da cewa bayan gwajin aka rubuta ta. Jaridar Washington Post ta fallasa labarin a 2000, aka shiga kotu, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ko da a ce maganin bai kashe kowa ba, an taɓa abin da ya fi magani tsada, domin uban da ya miƙa ɗansa ga likita amana ya ba shi. Baƙar fatar Amurka sun san irin wannan ciwo: daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta ƙasarsu ta bar maza wajen 400 masu tunjere a Tuskegee ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an sa maganin hana haihuwa cikin ɗigon rigakafin shan inna. Jihar Kano ta dakatar da shi kusan shekara guda, sai a watan Yuli na 2004 aka ci gaba, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Tsoron yana da asali, amma zargin ba shi da tushe, kuma yara ne suka biya kuɗin. A 2006 an sami fiye da yara 1,100 da cutar ta shanye a Nijeriya, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar daga 2009, da malamai, da mata 'yan unguwa masu shiga gida gida, da su kansu guragun da cutar ta nakasa, waɗanda suka riƙa nuna ƙafafunsu a matsayin hujja. A 2016 aka ga na ƙarshe a Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Gaskiya ta wajabta a ƙara da cewa ƙwayar da aka raunana aka sa cikin ɗigon tana iya komawa mai illa idan ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su karɓa ba, kuma har 2024 ana samun irin wannan a arewa maso yamma. Ɓoye wa jama'a irin wannan bayani, don gudun kada su tsorata, shi ne ke ba mai jita-jita makami ranar da suka ji daga wani bakin.

Yanzu sai a koma ga maganar daji da ƙarfe. Ƙiyasin hukumar binciken sankara ta duniya ya nuna a 2020 an sami sababbin masu ciwon wajen 125,000 a Nijeriya, wajen 79,000 kuma suka mutu. Mafi yawan matan da ke zuwa asibiti da sankarar nono suna zuwa ne ciwon ya riga ya yi nisa. Hanyar sananniya ce. Mace ta ji ƙullutu, ba ya zafi, sai ta yi shiru don kunya. Ya girma, a je wurin mai magani, a shafa, a sha, a yi turare. Wata shida, shekara guda. Sai ya fashe ya fara wari, sa'an nan a ɗauke ta zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja. A lokacin 'ya'yan ciwon sun riga sun sauka a huhu da ƙashi. Likita ya yanke don ya rage mata wahala, ta rasu, 'yan unguwa su ce ƙarfe ya taɓa daji. Maƙwabciyarta da ta ji ƙullutu gobe sai ta ƙara jinkiri. Ita kuwa wadda ta je da wuri aka cire ta warke, ba ta faɗa wa kowa, domin ba ta son kishiya ko dangin miji su sani. Ido yana ganin gawa, ba ya ganin wadda ta warke tana daka a tsakar gida.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa majiyyaci laifin duka. Na'urorin gashi 'yan ƙalilan ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, suna lalacewa, layi yana da tsawo. Kuɗin magani daga aljihu yake fita, a sayar da gona da shanu, a yi zagaye biyu cikin shida kuɗi ya ƙare, a koma gida. Rabin magani yana kawo wahalar maganin duka, zubewar gashi da amai da rama, ba tare da warakar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai sankara a ƙasa mai arziki yana da damar tsira fiye da kashi 80 cikin 100, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ƙasa da kashi 30. Ilmin ɗaya ne, littafin da likitan Shika ya karanta shi na London ya karanta. Talakan da ya ce bai ga ci gaban ba, bai yi ƙarya ba, domin bai iso ƙofarsa ba.

A wannan giɓi ne masu maganin a-sha-yanzu-a-warke suke cin kasuwa, a rediyo da tasha da wayar hannu. Ba raina itatuwa ake yi ba. Vincristine, ɗaya daga magungunan da suka ceci yara masu sankarar jini, daga wani fure na Madagaska aka samo shi, maganin zazzaɓin cizon sauro mafi inganci a yau kuma daga wani ganye ne da Sinawa suka daɗe suna amfani da shi. Amma kowannensu ya bi ta ƙofar gwaji. Wasu sun bi ta ƙofar sun faɗi: laetrile, wanda ake yi da ƙwallon wani ɗan itace, ya yi tashe a Amurka a shekarun 1970, da aka gwada shi kan majiyyata 178 aka buga sakamakon a 1982, ba a ga wanda ya warke ba, wasu ma alamun guba suka nuna. Wani bincike na Jami'ar Yale a 2018 ya duba masu sankarar da ba ta bazu ba waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka tsaya ga wani daban, ya tarar haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi. Mai magani yakan kawo mutum uku su yi shaida a rediyo. Ba a taɓa jin ya karanta sunayen waɗanda suka sha suka mutu ba, kuma ba wanda ya tambaye shi su nawa ne. Mutumin da ya tsananta bincike a kan likita, sa'an nan ya miƙa wuya ga mai lasifika a tasha, bai raba shakkarsa da adalci ba.

Jarrabawa ta gaba ta riga ta iso. Sankarar bakin mahaifa tana kama mata wajen 12,000 a Nijeriya kowace shekara, tana kashe wajen 8,000, bisa ƙiyasin 2020. Harald zur Hausen na Jamus ya nuna cewa wata ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, aka ba shi lambar Nobel a 2008, allurar rigakafinta kuma ta fito a 2006. Ingila ta fara yi wa 'yan mata a 2008, binciken da aka buga a 2021 ya nuna ciwon ya ragu da wajen kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. Nijeriya ta shigar da allurar cikin tsarin rigakafinta a watan Oktoba na 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma tun kafin a fara tsohuwar jita-jitar hana haihuwa ta farka. Wannan karon ido ba zai taimaki kowa ba, domin tsakanin shigar ƙwayar da bayyanar ciwon akan yi shekara 15 zuwa 20. Yarinyar da aka yi wa allurar tana da shekara 9 a 2023 za ta cika 30 a 2044. Hanyar da za a san ko ta amfana ita ce rajistar masu sankara, irin wadda aka kafa a Ibadan tun 1960, inda ake rubuta kowane majiyyaci da irin ciwonsa da abin da ya same shi a ƙarshe. A yawancin ƙauyukan arewa mace takan rasu da safe a binne ta kafin azahar, ba takarda, ba wanda ya rubuta abin da ya kashe ta. Ɗaliban likitanci da na ƙididdiga da ke zaune a wannan zaure su ne za su kasance a bakin aiki a 2044, kuma littafin da za a buɗe a wannan shekara sai an fara cika shi tun yanzu.